Marigayi Umaru Ganda: Ɗan Dakon Da Ya Zama Gwanin Shirya Fim

A ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 1981 ne Allah Ya yi wa Malam Umaru Ganda rasuwa a birnin Yamai, hedkwatar Jamhuriyar Nijar, sakamakon ciwon zuciya. Ya rasu yana da shekara 45 da haihuwa. Manyan fina-finan labari da ya shirya da kansa guda huɗu ne kacal, amma duk da haka babu littafin tarihin sinima a Afirka da zai cika ba tare da sunansa ba. Shi ne mutum na farko da ya karɓi babbar kyautar bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, kuma akwai wata kyauta ta musamman a wannan biki da ake kira da sunansa.

Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne irin hanyar da ya biyo. Bai yi karatu mai zurfi ba, bai kuma shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ba. Ya yi aikin soja, ya yi zaman rashin aiki, ya yi dako a tashar jiragen ruwa. Da muryarsa ya fara shiga wannan sana'a, sa'ad da ya ɗora ta a kan hotunan da wani Bature ya ɗauka, sa'an nan ya ƙare yana mai shirya nasa fina-finan, yana ba da labarin mutanensa da harshensu.

Haihuwarsa Da Shigarsa Soja

An haifi Umaru Ganda a Yamai cikin shekarar 1935. Bazabarme ne, kuma Faransawa suna rubuta sunansa Oumarou Ganda. A lokacin haihuwarsa Yamai ƙaramin gari ne a bakin kogin Kwara, don kuwa a 1926 ne Turawan mulkin mallaka suka ɗauke hedkwatarsu daga Damagaram suka mai da ita can. A nan ya yi makarantar firamare, inda ya sami Faransancin da ya amfane shi daga baya.

Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa. A wannan zamani Faransa tana fama da yaƙi a yankin Indocana, watau inda ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambodiya suke a yau. Mutanen Biyetnam a ƙarƙashin jagorancin Ho Ci Min sun tashi neman 'yancin kansu tun 1946, ita kuwa Faransa ta riƙa kwasar samari daga ƙasashen Afirka da take mulka tana kai su fagen fama. Haka aka kai yaro daga bakin Kwara ya yaƙi mutanen da ba su taɓa yi masa laifin komai ba, waɗanda su ma abin da suke nema shi ne a sauke musu kayan da ke kan mutanen ƙasarsa. Ya yi shekara biyu a can. Yaƙin ya ƙare a 1954 bayan an ci sojojin Faransa a Diyan Biyan Fu.

Da ya komo gida bai sami aikin yi ba. Wannan hali ba baƙo ba ne ga mutanen Arewacin Nijeriya, don mazan jiya da yawa da suka komo daga yaƙin Bama bayan 1945 sun tarar da cewa lambobin da ke ƙirjinsu ba sa sayen hatsi a kasuwa. Umaru ya ɗanɗani wannan ɗaci tun yana saurayi, kuma bai manta da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Cirani A Abijan

Da zama ya gagara sai ya bi sahun dubban 'yan ƙasarsa da ke gangarawa gaɓar teku neman kuɗi. Waɗansu suna nufar Kumasi da Akra a Gwalkwas, watau Gana ta yau, waɗansu kuwa Abijan a ƙasar Kwaddebuwa. Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun san wannan al'ada sarai, don da an kawar da amfanin gona samari kan ɗaure 'yan kayansu su nufi Kano ko Jos ko Ikko, kamar yadda a zamanin haƙar kuza garin Riruwai ya riƙa karɓar leburori daga wurare masu nisa. Bambancin kawai shi ne nisan tafiya da kuma baƙon harshe.

Abijan ta bunƙasa ne bayan an haƙa mashigin ruwa na Biridi a 1950, wanda ya ba manyan jirage damar shigowa har cikin tafkin da birnin yake bakinsa. Kofi da koko da katako suna fita, kayan Turai suna shigowa, kuma duk a kan wuyan leburori. Umaru ya zama ɗaya daga cikinsu, yana zaune a unguwar Treichville, wadda ita ce matattarar baƙi da talakawa. Aikin na yini ne, in an ɗauki mutum yau babu tabbacin za a ɗauke shi gobe.

A nan ne ya gamu da Jean Rouch, wani Bafaranshe da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji, daga baya ya koma nazarin al'adun mutanen bakin Kwara da ɗaukar su a fim. A lokacin Rouch yana binciken yadda 'yan Nijar ke ƙaura zuwa gaɓar teku, saboda haka yana bukatar wanda ya iya karatu da rubutu, ya kuma san 'yan cirani ciki da waje. Sai ya ɗauki Umaru aikin tattara ƙididdiga, watau bin baƙi ana tambayarsu daga ina suka fito, wace sana'a suke yi, da abin da suke samu.

Hoton Wani, Muryar Umaru

Daga wannan bincike ne fim ɗin nan mai suna Moi, un noir ya samo asali, ma'anarsa Ni, Baƙin Mutum. An ɗauke shi a Treichville a 1957, aka fitar da shi a 1958. 'Yan wasan duk 'yan cirani ne na gaske, kowannensu kuma ya ari sunan wani tauraron da yake gani a gidan sinima. Umaru ya zama Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka da ya yi fice a fitowa a matsayin ɗan ta'adda. Abokinsa Petit Touré ya zama Eddie Constantine, wani direban tasi ya zama Tarzan, yarinyar da Robinson yake so kuwa aka kira ta Dorothy Lamour. Fim ɗin ya bi su kwana-kwana: wahalar ranakun aiki, shaƙatawar Asabar da Lahadi a bakin teku da wurin rawa, sa'an nan Litinin ta komo da talaucinta. Robinson yana mafarkin zama zakaran damben Turawa, amma da gari ya waye sai ya tarar da wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Italiya a ɗakin Dorothy, suka kama faɗa, kuma shi ne ya sha kashi.

To, kyamarar da Rouch ya yi aiki da ita ƙarama ce, sai an wana ta kamar agogo, ba ta yin rabin minti tana aiki sai ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar sauti. Saboda haka hotunan duk bebaye ne. Da aka gama harhaɗa su sai aka haska wa Umaru, aka ajiye masa rakoda, ya riƙa magana yana bin abin da yake gani. Babu takardar da aka rubuta masa. Wani lokaci ya yi maganar da bakinsa ke furtawa a hoton, wani lokaci ya faɗi abin da ke cikin zuciyar Robinson, wani lokaci ya yi ba'a, wani lokaci ya yi ƙorafi a kan masu kuɗi da ke wuce shi a mota. A kusa da ƙarshen fim ɗin, yana tafe a bakin tafki tare da wani yaro, sai ya shiga ba shi labarin yaƙin Indocana, yana faɗuwa ƙasa yana kwatanta jifa da gurneti. Wannan wuri shi ne mutane suka fi tunawa, kuma ƙarfinsa duk daga muryar Umaru yake.

Ɗora murya a kan hoto tsohuwar sana'a ce, kuma babu ƙasar da ta ƙware a kanta kamar Italiya. Tun a shekarun 1930 gwamnatin Musolini ta hana nuna fim da baƙon harshe, ta kuma wajabta a ɗora wa fina-finan waje muryoyin Italiyanci. Daga nan sana'ar ta kafu, har ta fitar da mutane irin su Alberto Sordi, wanda ya fara suna da ara wa ɗan barkwancin nan na Amurka Oliver Hardy murya kafin shi kansa ya zama babban tauraro. Fina-finan kaboyi na Italiya da aka yi ta kallo a gidajen sinima na Kano, irin su Plaza da Orion da Eldorado, su ma bayan an gama ɗaukarsu ake ɗora musu magana. A Arewacin Nijeriya kuwa, zamanin da motar majigi ke zagaya ƙauyuka, akan sami mai sharhi ya riƙe abin magana yana bayyana wa jama'a abin da ke gudana da Hausa.

Amma abin da Umaru ya yi ya sha bamban da waɗannan. Misali, a fim ɗin Italiya na 1948 mai ba da labarin ɓarayin keke, wanda Vittorio De Sica ya shirya, an ɗauko wani ma'aikacin masana'anta, Lamberto Maggiorani, ya fito a matsayin talakan da aka sace wa keke. Fuskar tasa ce, amma muryar ta wani ƙwararren ɗan wasa ce, kalmomin kuwa marubuta ne suka tsara su. Shi kuwa Umaru fuskar tasa ce, muryar tasa ce, kalmomin ma nasa ne. Kusan ana iya cewa shi ne marubucin rabin fim ɗin, ko da yake da baki ya rubuta shi.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan sinima a Faransa, kuma samarin masu shirya fim na Faris, musamman Jean-Luc Godard, sun yaba da shi ƙwarai, sun kuma koyi dabaru daga gare shi. Sai dai sunan da ya ɗaukaka a Turai na Rouch ne. Masu shirya fim na Afirka ma ba duka suka gamsu da irin wannan aiki ba. Usman Sembene na Senegal, a wata muhawara da suka yi a 1965, ya zargi Rouch da masu irin sana'arsa da kallon 'yan Afirka kamar yadda masani ke kallon ƙwari. Ya kamata kuma a tuna cewa tun 1934 akwai dokar Faransa da ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma, kuma da wuya baƙin mutum ya sami wannan izini. Wannan ne ya sa ɗaliban Afirka da suka shirya Afrique sur Seine a 1955 suka ɗauke shi a Faris.

Komawa Gida Da Fim Na Farko

Nijar ta sami mulkin kai a ranar 3 ga watan Agusta 1960, a ƙarƙashin Shugaba Jori Hamani. Umaru ya komo Yamai ya sami aiki a Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, inda aka kafa wata ƙungiya ta koyar da samari aikin kyamara da harhaɗa fim. A nan ya koyi ɓangaren sana'ar da bai sani ba a Abijan. A wannan zamani ne kuma Mustafa Alasan ya fara fitar da nasa fina-finan, har ƙaramar ƙasa matalauciya irin Nijar ta shiga sahun gaba a harkar sinima a Afirka.

A 1968 aka shirya gasar rubuta labarin fim, Umaru ya shiga da labarin da ya daɗe yana cinsa a rai. Daga nan aka sami Cabascabo, fim na minti 45 marar launi, da Zabarmanci da Faransanci, kuma shi da kansa ya fito a matsayin jarumin. Labarin wani soja ne da ya komo daga Indocana da 'yan kuɗinsa. Abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, ana yi masa kirari yana rabo, yana ba su labarin fagen fama. Da aljihu ya bushe sai kowa ya watse. Ya nemi aiki, girman kai na tsohon soja da wulaƙancin masu ɗaukar aiki suka haɗu suka hana shi zama, daga ƙarshe ya saɓi gatari ya bar gari ya nufi daji.

Duk wanda ya kalli fina-finan nan biyu zai ga cewa labari ɗaya ne aka ba da shi sau biyu. A na farko tsohon sojan yana magana ne a cikin hoton da wani ya zaɓa. A na biyu shi ne ya zaɓi inda za a kafa kyamara, da abin da za a nuna, da inda labari zai tsaya, kuma laifin bai tsaya a kan Turawa kaɗai ba, har da 'yan'uwan da suka cinye shi suka yar. An nuna Cabascabo a bikin fina-finai na Kan a Faransa a 1969, a sashen da masu sharhi ke zaɓen sababbin gwanaye, kuma a wannan shekara ya sami lambar yabo a bikin Mosko.

Wa'azi Da Shaiɗan

Fim ɗinsa na biyu shi ne Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ita ce wa'azi a bakin Zabarmawa, watau fim ɗin wa'azi ne a kan zaman mata da yawa. Wani attajiri ne ya komo daga Makka da sunan Alhaji, sai ya ƙyalla ido a kan wata yarinya, Satu, alhali kuwa an riga an yi wa wani saurayi mai suna Garba alkawarinta. Iyaye suka bi kuɗi da girma, aka ɗaura aure ba da son yarinyar ba, ta zama ta uku. Matarsa ta biyu, wadda kishi ya rufe wa ido, ta ƙudura kashe amarya a daren biki, amma cikin duhu sai ta kashe ɗaya daga cikin ƙawayenta. Abin da Umaru ya sa a gaba shi ne auren dole, da kwaɗayin iyaye, da mutanen da ke fakewa da sunan ibada don biyan bukatar ransu.

A 1972 aka yi bikin fina-finan Afirka karo na uku a Wagadugu, babban birnin ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. An fara bikin ne a 1969, amma sai a wannan karo aka soma ba da babbar kyauta, wadda ake kira Ingarman Yennenga, don tunawa da dokin gimbiyar da Mosawa ke ɗauka a matsayin kakarsu. Le Wazzou polygame ne ya ci ta. Mutumin da shekara 15 kafin nan yake jiran a kira sunansa a layin leburori, shi ne aka fara kira a gaban masu shirya fim na nahiyar.

Bayan wannan sai ya fitar da Saïtane, watau Shaiɗan, wanda yake mai launi ne. A ciki ya nuna wani malamin tsibbu a ƙauye da ya mai da kansa ɗan aike tsakanin wata matar aure da wani mai kuɗi, yana cin amanar mutanen da suka yarda da shi. A waɗannan fina-finai ya yi aiki da Zalika Sule, ɗaya daga cikin matan farko da suka riƙi wasan fim sana'a a Afirka ta Yamma. Ta sha tsangwama daga jama'a saboda yawan fitowa a matsayin muguwar mace, don a lokacin mutane da yawa ba sa rarrabe ɗan wasa da halin da ya kwaikwaya. Umaru bai daina fitowa a fina-finan waɗansu ba, ya kuma ci gaba da hulɗa da Rouch, wanda shi ma a ƙasar Nijar ya rasu, cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004.

Alkawari Kaya Ne

Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, watau Ɗan Gudun Hijira, ya fito a 1980, kuma daga tatsuniya ya ɗauko shi. Wani jakadan Afirka ne da ke zaman hijira a Turai yake ba abokansa labarin wani sarki da ya ji waɗansu samari biyu 'yan'uwa suna cewa sun yarda a sare kawunansu in dai za a ba su 'ya'yan sarki. Sarki ya kira su ya aura musu 'ya'yan nasa, bayan shekara guda kuma ya nemi su cika maganarsu. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa, ya yi ta yawon duniya har ya sami sarauta a wata ƙasa, amma daga ƙarshe sai da ya ba da ransa saboda jama'arsa.

Jigon fim ɗin shi ne nauyin magana, cewa abin da baki ya furta bashi ne a kan mai shi, ko sarki ne ko talaka. A zamanin da juyin mulki ya yawaita a Afirka, shugabanni suna rantsuwa da safe suna warwarewa da yamma, masu kallo ba su bukaci a fassara musu inda aka dosa ba. Ya kuma dace ƙwarai a ce mutumin da ya shiga sinima ta hanyar magana ya rufe aikinsa da fim a kan darajarta. 'Yan watanni bayan fitowarsa Umaru ya rasu.

Abin Da Ya Bari

Bayan rasuwarsa gwamnatin Nijar ta sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, masu shirya bikin Wagadugu kuma suka ware kyautar Umaru Ganda domin wanda ya fi kowa a cikin masu fitar da babban fim ɗinsu na farko. Sai dai harkar sinima a Nijar ta ja baya ƙwarai daga shekarun 1980 saboda rashin kuɗi, gidajen sinima suka yi ta rufewa, har ya zama samun fina-finansa ya fi sauƙi a ma'ajiyoyin Turai da a garin da aka haife shi. Wannan abin dubawa ne ga ma'aikatan da aka ɗora wa alhakin adana kayan tarihi da al'adu, a Nijar da Nijeriya baki ɗaya, don fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 shi ma ya yi shekaru da yawa ba a ganinsa kafin a gano shi a gyara.

A Kano, tun daga fitowar Turmin Danya a 1990, shirya fim da Hausa ya zama sana'ar dubban mutane, daga baya kuma ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya ya zama wata sana'ar mai zaman kanta, wadda ake kallon kayanta har a ƙauyukan kudancin jihar. Samarin da ke wannan aiki, da ɗaliban da ke sha'awar shigarsa, suna tsaye ne a matakin da Umaru Ganda ya fara takawa, watau magana a kan hoton da wani ya ɗauka. Shi ya nuna gwaninta a wannan mataki har duniya ta san da shi, sa'an nan ya koma ya koyi sauran aikin, ya ɗauki labarin tsohon soja da ɗan cirani da yarinyar da aka yi wa auren dole ya nuna su yadda shi ya san su.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.